Kashi Ɗaya Cikin Takwas

Kogin Jakara yana tasowa ne daga cikin birnin Kano, ya ratsa ta gefen Kasuwar Kurmi, ya fita ta arewa maso gabas, har ya zube a madatsar Wasai da ke ƙasar Minjibir. Masu noman rani a bakinsa sun fi saninsa da ƙazantar da yake kwasowa daga unguwanni, da baƙin ruwan masana'antun Bompai da rafin Getsi ke juye masa. Amma a littafin Tarihin Kano, Jakara na cikin wuraren da mutanen farko suka fi girmamawa. Kurmi ne mai duhu a lokacin, ba a sarar itacensa, kuma in fitina ta tunkaro ƙasa can ake kai baƙin bunsuru a yanka. Ruwa ɗaya ke nan ya haɗa tsakiyar birni da gonakin Minjibir tun kafin a aza tubali ko ɗaya na ganuwa.

Yawancin abin da aka rubuta kan Kanon farko daga ƙofar fada aka rubuta shi: wane ya gaji wane, ya yi shekara kaza, ya ci gari kaza. A nan ina so mu karanta labarin daga bakin gona, daga wajen mutumin da hatsinsa ya ciyar da maginan ganuwa da dawakan sarki. Muryarsa ba ta fito sosai a littattafanmu ba. Shi ya sa za mu leƙa wajen Girkawan farko, waɗanda su ma suka rayu cikin ƙananan birane masu cin gashin kansu, masu harshe ɗaya da yawan faɗa da juna, amma aka yi dace koken manominsu ya shiga rubutu tun da wuri.

Binciken masu tonon ƙasa a gindin dutsen Dala ya nuna ana narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Ƙarfe shi ne fartanya da gatari da bakin kibiya, don haka duk inda maƙera suka zauna manoma sukan kewaye su. Tarihin Kano ya ba mu hoton wannan al'umma a zamanin Barbushe, mai kula da abin bautarsu Tsumburbura, wanda ba ya saukowa daga kan dutse sai lokacin bauta. Abin da ya fi jan hankalina shi ne jerin manyan mutanen da ke tare da shi. Gijigiji maƙeri ne, Hanburki mai magani, Bugazau mai dafa giya, Maguji mai haƙar tama da narka ta, Bakonyaki maharbi, Ɗanbuntuniya mai tsaron gari da dare. Kowane babba da sana'arsa, kowane da zuriyar da ke bin sa. Wasu kuma an ambace su da wuraren zamansu, irin su Goron Dutse da Jigirya da dutsen Fanisau, wanda ke arewa da birni, ɓangaren da Minjibir take. Wato mutanen ba a dunƙule suke wuri ɗaya ba. Ƙauyuka ne a warwatse, kowane da shugabansa, abin da ya haɗa su shi ne wurin bauta da ranar taruwa.

Sai Bagauda ya zo. Bisa lissafin da Palmer ya yi lokacin da ya fassara littafin zuwa Turanci a 1908, sarautarsa ta fara a 999. Su waɗannan shekaru an same su ne ta hanyar ƙirga tsawon mulkin kowane sarki ana komawa baya, littafin kansa kuwa masana da dama na ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka haɗa shi, a zamanin Sarki Muhammadu Bello. A cikinsa Bagauda jarumi ne da ya zo da rundunarsa ya zauna a Sheme, ya rinjayi mutanen ƙasa. Amma akwai wani Bagaudan a Waƙar Bagauda, wadda mabarata da tsofaffi suka riƙe a ka har wani masani mai suna Hiskett ya buga ta a shekarun 1960. Shi wannan ya sari daji ne ya yi gona, ya tara gero da dawa, da yunwa ta auka wa ƙasashe sai jama'a suka yi ta kwararowa inda abinci yake, gari ya kafu. Fada ta tuna mashinsa, talakawa suka tuna rumbunsa. Ni na fi karkata ga cewa labarin talakawa ne ya fi bayyana dalilin da ya sa Kano ta zarce maƙwabtanta. Mayaƙa sun bi ta wurare da yawa ba su bar birni ba. Abin da ke riƙe mutane shi ne ƙasa mai jigawa mai sauƙin huɗa, da ruwan rijiya a kusa, da fadamu, irin abin da mai tafiya daga Ungogo zuwa Minjibir da Kunya yake gani har yau.

Jikan Bagauda, Gijimasu, wanda aka ba shi 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Littafin ya ce ya tara jama'a ya shawarce su, suka yarda, aka yanka shanu 100 a ranar farko, aka tsara ƙofofi takwas, cikinsu har da Mazugal da Ƙofar Ruwa da Waika da Kansakali. Ɗansa Tsaraki ya ƙarasa aikin. Ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna wannan aiki da hankalin mai gona. Babu mota, babu amalanke, ƙasa ce ake haƙa ana ɗauka a kwando a ka, rani bayan rani, tun daga mulkin uba har na ɗansa. Masu ɗaukar nan mutanen ƙauyuka ne da suka gama girbi, kuma abincin da suka ci daga rumbunansu ya fito. Me suka samu? Ganuwar Kano ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Ta haɗa da filayen noma da kududdufai, har Baturen matafiyi Barth da ya shigo a 1851 ya yi ta mamakin yawan filin da ya ratsa bayan ya wuce ƙofa kafin ya kai ga gidaje. An bar filin ne domin ranar da mahara za su zo, mutumin karkara ya koro shanunsa ya shigo da iyalinsa, a yi shuka a ciki in zaman ya yi tsawo. Ciniki ne tsakanin birni da ƙauye: ka ba da ƙarfinka da rani, a ba ka mafaka ranar tsoro.

Bayan ganuwa sai haraji. Naguji, 1194 zuwa 1247, shi ne Tarihin Kano ya ce ya fara karɓar kashi ɗaya cikin takwas na amfanin gona daga kowane manomi. Layi ɗaya marubucin ya ba wannan magana ya wuce, alhali a ganina babu layin da ya fi shi nauyi a labarin sarakunan farko. Gaisuwa da kyauta mutum yana kai su gwargwadon hali. Amma a ce cikin kowane dami takwas ɗaya na sarki ne, wannan yana bukatar wanda zai zo ya ƙirga, da wanda zai ɗauka, da rumbun da za a zuba, da wanda zai hukunta mai ɓoyewa. Daga ranar ne mulki ya shigo cikin gona, ya san yawan abin da kowa ya noma.

Girkawa sun taɓa sanin irin wannan mulki mai ƙirga tun kafin su zama Girkawan da duniya ke ambato. A fadojin Maisini da Filos, kafin shekara ta 1200 kafin Miladiyya, akwai marubuta da ke rubuta a kan allunan yumɓu yawan tumaki da alkama da man zaitun da tagullar da aka ba kowane maƙeri. Ba a iya karanta wannan rubutu ba sai a 1952, da Michael Ventris ya warware shi. Fadojin sun ƙone, rubutun ya ɓace ɗungum, jama'a ta ragu, aka shafe ƙarnuka a ƙananan ƙauyuka ƙarƙashin masu gari. Sai a ƙarni na 8 kafin Miladiyya abubuwa suka sake motsi. Suka aro haruffa daga Finikiyawa, suka fara wasannin Olimfiya da al'adarsu ta ce an soma a 776, ƙauyuka suka riƙa haɗewa suna zama abin da suke kira polis. Daga baya irin waɗannan ƙasashe sun kai kimanin 1,000, kuma yawancinsu mutum zai ratsa su da ƙafa a yini ɗaya. Ko Atina, wadda ke cikin manya, faɗin ƙasarta Atika kimanin murabba'in kilomita 2,500 ne kawai.

A wajensu birni da gonakinsa abu ɗaya ne. Mutumin da ke noma nesa da ganuwa ɗan Atina ne daidai da wanda ke zaune kusa da dandali. Sukan ma gina manyan wuraren bautarsu a wajen gari, kamar na Hera da ke nesa da birnin Argos da kimanin kilomita 8, a riƙa fita da jerin gwano duk shekara ana ratsa gonaki, don kowa ya san iyakar ƙasarsu. Su ma suna da labarin asali mai kama da namu. Kamar yadda aka ce sarakunan Daura da Kano da Rano da Katsina da Zazzau da Gobir 'ya'yan Bawo ne, jikokin Bayajidda, haka suka ce manyan rassansu daga 'ya'ya da jikokin wani mutum mai suna Helen suka fito. Irin wannan labari ba ya hana yaƙi. Kano da Katsina sun gwabza tsawon ƙarnuka, Atina da maƙwabciyarta Megara ma haka. Abin da yake yi shi ne ya sa abokin gaba ya zama ɗan'uwa da za a iya yin sulhu da shi, a ci kasuwa ɗaya, a yi auratayya.

Manomin da muryarsa ta iso gare mu sunansa Hesiyod. Ya rayu wajen shekara ta 700 kafin Miladiyya a wani ƙauye mai suna Askara, a gindin dutsen Helikon. Mahaifinsa baƙo ne da fatauci ya karye masa ya zo ya kama gona. Da uban ya rasu aka raba gado, sai ɗan'uwansa Farsis ya nemi fiye da rabonsa, ya kai maganar gaban manyan gari, ya bi su da toshiya. Daga wannan rigima Hesiyod ya tsara doguwar waƙa, rabinta gargaɗi ga alƙalai masu cin hanci, rabinta koyar da noma: lokacin huɗa, lokacin girbi, itacen da ya dace da garma, yadda ake zama da maƙwabci don ranar da za a nemi aron sa. Da taurarin da muke kira kaza da 'ya'yanta yake gane lokutan aiki, kamar yadda tsofaffinmu ke lissafin damina da taurari. Har shawara ya bayar cewa ɗa ɗaya ya fi wa gida, don kada gona ta tsattsage. Duk wanda ya zauna a zauren dagaci a ƙasar Minjibir ranar da ake rabon gonar gado tsakanin 'ya'ya goma, aka auna da igiya kowa ya tashi da 'yar kunya biyar ko shida, ya san abin da ke damun wannan mutum.

Tsattsagewar gona da bashi su suka kai Atika bakin rami. A ƙarshen ƙarni na 7 kafin Miladiyya akwai tarin manoma da ke ba masu ƙasa kashi ɗaya cikin shida na abin da suka noma. An kakkafa duwatsu a gonakin don shaida cewa suna ƙarƙashin wani. Wanda ya kasa biya kuwa, jikinsa ne jingina, ana iya sayar da shi da 'ya'yansa har ƙasar waje. Da abin ya kusa zama yaƙin basasa, a 594 aka naɗa Solon, mutum daga gidan manya, aka ba shi ikon gyara. Ya yafe basussukan, ya sa aka tumɓuke duwatsun, ya haramta a bautar da ɗan ƙasa saboda bashi, ya fanso waɗanda aka sayar, wasunsu har sun manta harshen gida. Talakawa sun so ya raba ƙasa daidai wa daida, ya ƙi, manya kuma suka ji haushin asarar da suka yi, ya bar ƙasar tsawon shekara 10 don kada a matsa masa ya sauya dokokin. Amma ya bar wani abu da ya fi yafe bashi tasiri. Ya kasa jama'a gida huɗu bisa yawan abin da gonar mutum ke bayarwa a shekara, masu awo 500, da masu 300, da masu 200, da na ƙasa da haka. Muƙami ya koma bin awon hatsi maimakon sunan kaka, kuma ko mafi talauci yana da wurin zama a taron gari da kotun jama'a.

Kashi ɗaya cikin shida a can, kashi ɗaya cikin takwas a nan. Ba iri ɗaya ba ne, domin na Atika ga masu ƙasa yake tafiya, na Kano ga sarki. Amma tambayar da ke ƙarƙashinsu ɗaya ce: nawa za a ɗiba daga rumbun mai noma, kuma wace magana yake da ita a kan abin da aka ɗiba? Manomin Atika ya ƙare da kujera a majalisa. Na Kano bai samu wannan ba. Ban yarda da masu cewa bambancin daga hali ko jini ya fito ba, kamar wai Bahaushe an halicce shi ne don ya ce ranka ya daɗe. Ina ganin dalilai biyu na zahiri sun isa su bayyana mafi yawan abin.

Na farko yaƙi ne. Ƙasar Girka duwatsu ce, ciyawa kaɗan, doki ba ya yin tasiri sosai. Daga ƙarni na 7 kafin Miladiyya ƙarfin kowane birni ya koma kan sahun mayaƙan ƙasa masu kwalkwalin tagulla da babbar garkuwa da mashi, kafaɗa da kafaɗa, garkuwar kowa tana kare na hagunsa. Kowane mayaƙi da kuɗinsa yake sayen kayansa, kuma yawancinsu manoma ne masu shanun huɗa. Mutumin da gari ba ya tsira sai da shi, da wuya a hana shi magana ranar da ake shawarar fita yaƙi. A Kano kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe, na doki. Tarihin Kano ya ce Kanajeji, 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, yana aika dawaki Kwararrafa ana aiko masa da bayi. Ingarman doki da sulke ba abin da mai gayauna zai saya ba ne, sai sarki ya saya ya ba baransa ko bawansa. Talakawa sun fita yaƙi a matsayin 'yan baka da dakaru, sun mutu da yawa, amma mahaya ake yi wa kirari, su ake ba ganima mai tsoka da garuruwan da za su ci. Makami mai yanke hukunci yana hannun fada, shawara ma ta tsaya a can.

Na biyu ƙasa ce. Atika teku ya kewaye ta ta ɓangare biyu, duwatsu suka tare sauran. Wanda aka matsa wa ba shi da dajin da zai sara. Wasu biranen sun rage cunkoso ta hanyar loda 'ya'yansu a jirgin ruwa, aka kafa Sirakusa a Sisili wajen 733 kafin Miladiyya, aka kafa Kurene a gaɓar Libiya wajen 631 bayan fari na shekara bakwai ya addabi tsibirin Tira, kamar yadda masanin tarihinsu Hirodotas ya ruwaito. Waɗanda suka rage a gida dole su tsaya su yi ta ja-in-ja har a rubuta doka. A ƙasar Hausa ta wancan zamani daji ya fi mutane yawa. Arzikin sarki yawan jama'arsa ne, kuma jama'a na da ƙafa. In hakimi ya tsananta, magidanci ya jira girbi ya wuce, ya ɗora kaya a jaki, gari ya waye kangonsa kawai za a tarar. Tarihin Kano da kansa ya ba da shaidar haka a zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, wanda ya tsananta haraji a Kasuwar Kurmi har ya sa malamai ma biya. Larabawa suka koma Katsina, talakawan birni suka watse cikin ƙauyuka, kasuwa ta kusa mutuwa. Ƙaura makami ce mai kaifi, kuma sarakuna masu hankali suna tsoronta. Illarta ita ce ba ta barin doka a rubuce. Wanda ya tashi ya tsira da kansa, amma wanda zai gaji kangon zai tarar da tsarin yadda yake.

Duk da haka kuskure ne a ce sarkin Kano yana yin abin da ya ga dama ba mai taka masa burki. Mutanen Dala sun riƙe wurin bautarsu da shugabanninsu kimanin shekara 300 bayan Bagauda, sarakuna suna lallaɓa su, sai a zamanin Tsamiya, 1307 zuwa 1343, aka rusa shi da ƙarfi. Da Wangarawa suka zo zamanin Yaji, ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, suka kawo wani abin da ya fi ƙarfin sarki, wato shari'a rubutacciya da alƙali da liman. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya faɗaɗa ganuwa ya kafa Kasuwar Kurmi ya gina gidan da sarakuna ke zaune har yau, shi ne kuma ya kafa Tara ta Kano, majalisar manyan masu sarauta irin su Galadima da Madaki da Wambai, waɗanda sarki ba ya tsallake shawararsu cikin sauƙi. Shehu Magili, wanda ya zo daga Tilimsan ya zauna a Kano a farkon shekarun 1490, ya rubuta wa Rumfa littafi kan wajiban sarki, yana ta nanata masa haɗarin sarki ya ɓuya wa talakawansa, yana umartarsa ya zauna ya saurari mai rauni da kansa. Abin da manomi ya samu ke nan: haƙƙin kai kuka, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi har gaban sarki, da haƙƙin tsayawa gaban alƙali. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma Hesiyod da ya rasa inda zai ɗaukaka ƙara da ya yi murna da shi. Sai dai mai kai kuka yana jiran a ji tausayinsa ne ko a ji tsoron Allah a kansa, ba shi da hannu a zaɓen wanda zai saurare shi.

Atina ta bi wata hanyar. Bayan Solon an yi mulkin mutum ɗaya, Fisistaratus, wanda ya karɓi ushirin amfanin gona, ya ba manoma rance, ya tura alƙalai ƙauyuka don kada mutane su bar gona su taru a birni. Bayan an kori ɗansa, a 508 kafin Miladiyya Kilistenis ya sake tsarin ƙasar daga tushe. Ya mai da ƙauyuka da unguwanni kimanin 139 su zama ginshiƙin mulki. A ƙauyensa ake rubuta sunan saurayi in ya balaga, da sunan ƙauyen ake kiransa a hukumance, kuma kowane ƙauye na tura wakilai majalisar mutum 500 gwargwadon yawan jama'arsa. Akarnai, garin manoma da masu gawayi da ke arewa da birni, daga baya kujera 22 take da su. A Kano akasin haka aka yi. Hakimai a birni suke zaune kusa da sarki, ƙauyukan da suke ci a warwatse, jakadu ke zuwa karɓo haraji. Sai bayan zuwan Turawa a 1903 aka fitar da hakimai suka zauna a gundumominsu.

Kada wannan ya sa mu ɗauki Atina aljannar talaka. Mace ba ta da murya a taron gari, baƙo ba ya mallakar gona ko ya shekara nawa, kuma da aka hana bautar da ɗan ƙasa sai aka koma sayen bayi daga waje, dubbai daga cikinsu suka ƙare a ramukan azurfa na Lauriyon. A Sifarta abin ya fi muni, domin 'yan ƙasa sun zama mayaƙa zalla, mutanen Mesiniya da suka ci da yaƙi suna noma suna kawo musu rabin amfanin gona. Mu ma muna da namu tabon. Zamanin Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, littafin ya ce Galadima Dauda ya kafa garuruwa 21, kowane da bayi 1,000. A ƙarni na 19 gandayen sarki da na attajirai a Fanisau da kewayenta da ƙarfin bayi ake noma su. Akwai gidaje a arewacin Kano da kakanninsu suka zo ƙasar a ɗaure, kuma guminsu na cikin abin da ya gina arzikin da muke alfahari da shi. Tarihin da ya tsallake su bai cika ba.

Da tafiya ta yi nisa, dajin da manomin Kano ke gudu cikinsa ya ƙare. Zaman lafiyar da ganuwa da kasuwa suka kawo ya tara mutane a kewayen birni fiye da ko'ina a ƙasar Hausa. Garuruwa irin su Minjibir suka haɗa noma da saƙa, magidanci yana gona da damina yana kan masaƙa da rani, ƙyallen yana bi ta Kurmi zuwa Agadas da Borno da Timbuktu. Jakuna na shiga birni da itace da hatsi, su fito da mangalar taki. Lokacin da Michael Mortimore ya yi bincikensa a wannan yanki a shekarun 1960, ya tarar ana noma fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar duk shekara ba hutu, taki da gawo da kashin awaki ne ke riƙe da ita, kowace ɗorawa da kuka tana da mai ita. Manomi a irin wannan wuri ba ya iya tashi ya bar gonar da kakanninsa suka shekara ɗaruruwa suna zuba wa taki. Ya shiga halin da manomin Atika ya shiga kafin Solon: ƙasa ta cika, gado na tsattsagewa, jingina ta yawaita, mai karɓar haraji ya san ƙofar kowa.

A wannan ƙasa ce jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta sami masu sauraro a kasuwannin ƙauye, duk da ɗauri da bulala da magoya bayanta suka sha a hannun 'yan doka. Malam Aminu Kano da abokansa sun yi magana da harshen Alƙur'ani da na Shehu Usmanu, wanda tun a Kitabul Farƙi ya soki jangali da kuɗin gari da gaisuwar dole. Abin da suka ƙara a kai shi ne cewa talaka ya zaɓi wanda zai mulke shi. A Oktoban 1979, da jam'iyyar PRP ta karɓi mulkin Jihar Kano da ƙuri'un waɗannan manoma, cikin abubuwan farko da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya yi akwai soke haraji da jangali.